Tsohuwa, Bindigar Gidan Inuwa

Duk wanda ya san Furana ya san Inuwa Mai Tsohuwa, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Tsohuwar nan bindiga ce, doguwa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma ita kaɗai ce ta bambanta shi da sauran manoman garin. In aka cire ta, Inuwa gajeren mutum ne mai ƙarancin magana da taurin kai, wanda ke shuka masara da dawa da damina, ya koma fadama da rani ya yi ta fama da tumatir da barkono. Shi ba maharbi ba ne. Tun da uwarsa ta haife shi ko zomo bai taɓa harbi ba, in za a yanka kaza a gidansa ma sai ya sami abin da zai kai shi waje.

Kakan babansa, Muhammadu Sani, shi ya zo da bindigar. Wasu sun ce daga fatauci ya sayo ta, wasu sun ce wani Bature ne ya ba shi saboda ya tsallakar da shi kogi, kuma babu wanda ya rage a duniya da zai raba gardamar. Abin da aka tabbatar shi ne, da tsufa ya zo masa, ya kira baduku ya ɗinke ta cikin fata tun daga gindi har kusa da baki, aka bar bakin a waje, da kunama, da 'yar gudumar da ke faɗawa ta tayar da wuta. Sannan ya miƙa wa ɗansa Mu'awiyya, ya kafa masa doka guda: ba a tuɓe Tsohuwa. Duk wanda zai miƙa ta ga magaji sai ya ɗinka mata tasa fatar a kan ta baya. Mu'awiyya ya yi haka, ɗansa Abdulrahman ya yi haka. Lokacin da ta shigo hannun Inuwa tana sanye da fata uku, ta yi ƙiba, ta yi baƙi da man shanu da gumin hannu, ga layu biyu suna reto a wuyanta.

Aikinta ɗaya ne a duniya. Ranar da aka yi haihuwa a zuriyar gidan, mai riƙe da ita zai fita bayan gida ya ɗaga bakinta sama ya danna kunama. Muryarta ba ta kama da ta kowace bindiga ba, tana da wani kauri da ke daɗewa a cikin ƙirji, har mutanen tsallaken rafi sukan ajiye fartanya su ce an sauka a gidan su Inuwa. In kuwa cikin ya zo babu rai, ba a harbawa. Shirun shi ne sanarwa. Mata su yi ta lissafin watanni, in suka ga lokaci ya wuce ba su ji komai ba, sai su yafa mayafi su zo jaje.

Inuwa ya san wannan shirun fiye da kowa. Sau biyu matarsa Hajo tana durƙusawa, sau biyu yana zaune a zaure da bindiga a ɗure a kan cinyarsa, sau biyu ungozoma ta leƙo ta girgiza kai. Da hannunsa ya riƙa zaƙulo albarushin yana mayarwa cikin gora, mata suna wucewa ta gabansa suna cewa, "Allah ya ba da rayayye." Babu addu'ar da ya tsani ji kamar wannan, ko da yake amin yake cewa. Da na uku ya zo yana tsala kuka, Inuwa ya ɗura albarushi har ya wuce kima don murna. Tsohuwa ta yi wata irin tsawa ta jefar da shi cikin kunyar dawa, kafaɗarsa ta goce, har yau in sanyi ya sauko tana tuna masa. Wannan yaron shi ne Muhsin, kuma shi kaɗai ne namijin da Allah ya bar masa a cikin 'yan mata.

Muhsin ya yi karatu, ya buɗe shagon taki da maganin feshi a Makarfi, ya gina gidan bulo da rancen banki. Bankin ne ya sa shi dole ya yi wa gidan da kayan cikinsa inshora. Da ya yi wa uban bayanin abin, Inuwa ya ce shi bai taɓa jin an biya kuɗi saboda masifar da ba ta zo ba tukuna. Muhsin ya yi dariya ya bar zancen.

Da matar Muhsin, Murja, ta sami cikinta na fari, Inuwa ya yanke shawara cewa lokaci ya yi. Idonsa ya fara hazo, kafaɗar ba ta ɗaukar duka, kuma yana so Muhsin ya harba wa ɗansa da hannunsa. Ya tafi wurin majema ya zaɓi jar fatar akuya mai laushi, ya yi ta jujjuya ta yana shinshinawa har mai sayarwa ya gaji da shi. Badukun Furana ya riga ya rasu, 'ya'yansa sun koma acaɓa, saura wani dattijo a Makarfi da ya iya irin ɗinkin. Inuwa ya naɗe Tsohuwa cikin tabarma ya hau bayan babur. Ya tarar badukun yana kwance da zazzaɓi, aka ce ya dawo in ya sami sauƙi. Hajo ta gaya masa tun da safe kada ya bar bindigar nan ta kwana a wani gari, amma ya ga wahalar kai da kawowa, ga masu tsare hanya da tambaya. Ya jingine ta bayan ƙofar ɗakin Muhsin, ya komo gida da fatarsa a hammata.

Ranar Juma'a, Murja tana Likoro gidan iyayenta goyon ciki, Muhsin yana masallaci, ɓarayi suka ɓalle kwaɗo da rana tsaka. Suka ɗauki talabijin da janareto da keken ɗinkin Murja, suka haɗa da abin da ke cikin tabarma. Muhsin bai iya faɗa ta waya ba, da kansa ya zo Furana ya durƙusa a zaure. Inuwa ya saurare shi har ƙarshe. Ya tashi ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ya yi ta noman wurin da ya riga ya nome har rana ta faɗi. Hajo, Allah ya saka mata, ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi, don da ya sami wanda zai yi wa faɗa.

Kamfanin inshora ya aiko da wani mutum mai suna Lawal, mai ladabi, wanda ya cire takalmi tun daga bakin zaure ya gaida Inuwa har da tambayar gona. Kayan gida ba su ba shi wahala ba, kowanne yana da rasit. Bindigar ce ta sa shi zuwa Furana, don Muhsin ya ce masa ta gado ce mai shekara fiye da ɗari.

"Baba, wace iri ce?" in ji Lawal. "Ƙirar Turawa ce ko ta maƙeranmu?"

"Ta kakan babana ce," in ji Inuwa.

"Na ji, Baba. Ina nufin ko akwai rubutu a jikinta. Irin na da, masu ƙira sukan buga tambarinsu da lamba a jikin ƙarfen, kusa da gindi."

"An ce akwai."

"Wa ya ce?"

"Babana ya ce kakana ya ce ya taɓa gani yana yaro, kafin a ɗinke ta."

Lawal ya ɗago kai. Sai da Muhsin ya yi masa bayanin fata uku da dokar gidan. Bawan Allah bai yi dariya ba, amma an ga ya rasa inda zai sa alƙalaminsa. Ya tambayi hoto. Akwai guda ɗaya a wayar Muhsin, na ranar sunan wata jikanya, Inuwa yana riƙe da wani baƙin abu dogo da zai iya zama taɓarya. Ya tambayi takardar izini, Inuwa ya ɗauko ta daga cikin kwalla, abin da ke jiki kawai shi ne bindigar gargajiya guda ɗaya.

"To Baba, kai da kanka nawa za ka ce ta kai?"

Nan Inuwa ya ɓata rai. Ya ce tun da yake bai taɓa jin an tambayi mutum kuɗin kakarsa ba. Lawal ya ba shi haƙuri, ya yi masa bayani dalla-dalla. In tsohuwar ƙirar Turawa ce mai tambari, akwai masu tara irin kayan nan, darajarta za ta iya kai ta shanu. In ta maƙeri ce, ba za ta wuce kuɗin bunsuru ba. Shi kuma ba shi da ikon rubuta abin da babu wanda ya gani, don haka sai dai ya sa mata ƙaramar darajar.

"Ni ba kuɗinku nake so ba," in ji Inuwa. "Ka rubuta yadda in an gan ta za a gane ta."

Ya shiga faɗa masa. Fatar waje baƙa ce, ɗinkin yana bi ta ƙasa kamar ƙashin bayan kifi. Akwai wurin da ɓera ya taɓa ci aka yi faci da fatar tunkiya. Laya ɗaya mai kusurwa uku ce, ɗayar doguwa. Inda hannun hagu ke kamawa ya lotsa ya yi santsi. Ya yi ta zubo su babu gargada, idonsa a rufe, Lawal yana rubutawa. Da ya gama, Lawal ya ce a hankali, "Baba, duk wannan rigarta ce. Ɓarawo abin da zai fara cirewa ke nan."

Wannan maganar ba ta taɓa zuwa kan Inuwa ba. A wurinsa ba a tuɓe Tsohuwa, shi ke nan, kamar yadda ba a noma a maƙabarta. Ya manta dokar ta gidansu ce kawai, ɓarawo kuwa ba ɗan gidan ba ne.

Daga ranar ya fara yawo. Ya je wurin 'yan banga, ya je wurin sarkin baka, ya bi kasuwanni yana leƙa rumfunan maƙera yana tambaya da muryar da ba ta fita sosai. Ciyawa ta ci rabin barkononsa. Muhsin ya ce su je Kudan wurin Lado maƙeri ya ƙera musu sabuwa kafin Murja ta sauka, ai harbi harbi ne. Inuwa ya ce masa ko kurma a Furana ya san muryar Tsohuwa, shi kuma ba zai tsaya bayan gidan ubansa ya yi wa gari ƙarya da bakin wata bindiga ba. Taurin kai ne, babu shakka. Amma wanda ya ji yadda ya faɗe ta ba zai iya yi masa gardama ba, Muhsin ma bai sake tayar da zancen ba.

Murja tana cikin watanta aka kira Muhsin daga ofishin 'yan sanda. An kama wasu mutane a wata gonar rake wajen Kudan, an sami kayan sata da bindigogi a binne cikin buhuna, ana so duk wanda ya kai rahoto ya zo ya duba. Inuwa ya sa babbar rigarsa ta sallah. A hanya, a bayan babur, har ya ce wa Muhsin in sun karɓo ta su biya ta wurin baduku kai tsaye, don ya ji an ce ya warke. Jar fatar tana naɗe a cikin aljihun rigar.

An shimfiɗa bindigogin a kan buhu a bayan ofis. Gajerun ba su dame shi ba. Dogaye uku ne irin na ɗuri, kuma dukkansu tsirara, ƙarfe da itace, an kankare su an shafa musu baƙin mai. Inuwa ya tsaya a kansu. Ya nemi bakin da ya sani, ya tarar an datse bakin kowacce da zarto don ta shiga buhu. Ya duba kunama da 'yar guduma, ransa ya yi sanyi da ya ga na bindiga ta farko, don ya gane aikin: na Tsohuwa sun taɓa karyewa tun zamanin babansa, uban Lado ne ya ƙera mata wasu. Sai ya duba ta biyu ya ga irinsu. Ta uku ma haka. Rabin bindigogin ƙasar nan daga maƙerar gidan su Lado kunamarsu ta fito.

"Baba, wacce ce taka?" in ji jami'in da ke tsaye. "Ka nuna, ka faɗi alama ɗaya da ke jikinta, ka rantse, sai mu rubuta. Ka san ba kai kaɗai ka kawo rahoto ba, akwai wasu dattawa biyu da ke nema."

Ɗaya daga cikin ukun tana da wani rubutu da ya shafe rabi a kusa da gindi. Muhsin ya gan shi, ya matso kusa da kunnen uban.

"Baba, ga mai rubutu nan. Ai an ce tamu tana da rubutu."

"An ce," in ji Inuwa.

Ya durƙusa ya ɗauki ta farko ya kai kafaɗa. Ta yi masa siriri a hannu, ba nauyi. Ya ɗauki mai rubutun, ya rufe ido, ya laluba inda hannun hagunsa ya saba zama, bai ji komai ba sai sanyin ƙarfe. Ya shinshina ta ko zai ji man shanu, sai warin baƙin mai. Ta uku ma ya yi mata haka. Ya sake komawa ta farko. Shekara arba'in da wani abu yana shafa wa bindigar nan mai duk Juma'a, yana kwana da ita a bangon da ke kansa, ga shi yau an ajiye masa ita a gabansa, wataƙila, ya kasa cewa ga ta. Abin ya yi masa ciwo har ya ji kunyar ɗansa.

"Yallaɓai, ko za a bar ni in harba kowacce sau ɗaya? Muryarta na sani."

Jami'in ya girgiza kai, ba don mugunta ba. Ya ce kayan shaida ne, ba a harba su, kuma ko an harba, bindigar da aka datse wa baki ba ta sake yin ƙarar da ta saba.

"Baba, don Allah," in ji Muhsin. "Ka nuna mai rubutun kawai."

"In ta wani ce fa? In rantse da Allah a kan abin da ban gani ba, in kai bindigar kakan wani in rataye a ɗakin ubana?"

Ya ajiye ta a hankali a kan buhun, ya share hannunsa a jikin riga, ya dubi jami'in.

"Yallaɓai, ban sani ba. Ban taɓa ganinta ba."

Jami'in ya gaya musu cewa in an gama shari'a, duk wadda ba a tabbatar da mai ita ba za a haɗa ta da sauran makamai a kai inda ake lalata su. Inuwa ya yi masa godiya. A hanyar komawa bai ce a biya wurin baduku ba, Muhsin kuma bai tambaya ba. Daga baya kuɗin inshora suka fito, na bindigar a can ƙasan takarda, kuɗin bunsuru kamar yadda Lawal ya faɗa. Muhsin ya kawo masa, Inuwa ya ce a ba masallaci.

Murja ta sauka wata Talata da hantsi a Likoro, namiji, lafiyayye. Muhsin ya kira yana dariya yana kuka, Hajo ta rangaɗa guɗa a tsakar gida. Inuwa ya yi hamdala, ya miƙe, ƙafarsa ta kai shi ɗaki da kanta, hannunsa ya tafi bango. Turaku biyun da ake rataye Tsohuwa a kansu suna nan, da inuwar wurin da hayaƙi bai taɓa ba. Ya fita bayan gida inda ake tsayawa, ya tsaya hannu rabbana yana kallon dawa, ya daɗe, sannan ya dawo zaure ya zauna.

Yanzu zamanin waya ne, kafin azahar matasan gari duk sun ji labari. Amma tsofaffin tsallaken rafi ba su da waya, kuma ba su taɓa buƙatarta ba a kan haihuwar gidan su Inuwa. Sun ji an ce an yi sata a Makarfi, ba su san abin da aka ɗauka ba, don Inuwa bai iya faɗa wa kowa a can ba. Su dai suna lissafin watannin Murja, suna kasa kunne.

Ana gobe suna, da yamma, Inuwa yana zaune a zaure da jar fatar a kan cinyarsa, sai ga Uwaliya, tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar Muhsin, tana dogara sanda, ta yafa baƙin mayafi. Ta ƙetaro rafi da ƙafarta duk da ciwon gwiwa. Ta durƙusa daga gefe, ta gaishe shi da ƙaramar murya kamar yadda ake yi in an zo jaje.

"Malam Inuwa, mun yi ta saurare ba mu ji ba," in ji ta. "Sai haƙuri. Allah ya ba da rayayye."

Daga cikin gida ana jin mata suna dakan yajin jego suna dariya. Inuwa ya buɗe baki zai gaya mata yaron yana nan da ransa, sai ya fasa. Ya sunkuyar da kai yana kallon fatar.

"Amin," in ji shi.